Ina harafin ya tafi? Gyara kan yadda muke ajiye lasifika

Kwanakin baya wani ɗalibina ya kawo hadda. Yaro ne mai ƙoƙari, amma duk inda sadi ta zo sai ya mai da ita sin. Na tambaye shi wa yake saurare a gida, ya ce Husari. Na ce a'a, Husari ba ya haka. Shaihu Mahmud Khalil Husari ne aka fara naɗar cikakken murattal da muryarsa a Masar a 1961, daga baya ya yi na Warshu da muke karantawa, kuma ba a san shi da komai ba kamar ba wa kowane harafi haƙƙinsa.

Da na leƙa gidansu sai na ga inda gizo ke saƙa. Lasifikar nan ce ta Bluetooth mai kamar akwati, an tura ta kusurwar ɗaki a ƙasa, bayan buhun gero, fuskarta na kallon ƙafar gado, an murɗe bes har ƙarshe. Ɗaki sai ƙugi yake. Yaron nan wata da watanni rabin muryar Shaihu yake ji.

Ga abin da ke faruwa. Kaurin murya yana bazuwa ko'ina, kuma bango yana ƙara masa ƙarfi. A kusurwa ta ƙasa kuwa bango biyu da daɓe ne suka haɗu suna tura shi. Siririn sauti ba haka yake ba, miƙewa yake kamar hasken cocila, inda lasifika ta fuskanta nan yake zuwa. To, shewar nan ta sin da sadi da zayi, wadda malaman tajwidi ke kira safir, a siririn sautin take zaune. Ka ga in ka juya lasifika ga ƙafar gado, ai gadon ka ba wa safir ɗin.

Gyaran ba ya cin ko dala. A ɗaga ta daidai kunnen mai saurare, a janyo ta daga bango kamu ɗaya ko biyu, a fuskantar da ita gare shi, a rage bes. In guda biyu ne, tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai da tazarar kowace zuwa wurin zamanka. Ɗakin da ke da tayil da bango tsirara kuma, darduma da labule suna shanye amon da ke dawowa.

Da a gida abin ya tsaya da sauƙi. Amma kuskuren nan shi muka kwaso muka shigo da shi masallaci, kuma a nan nake da magana da ƴan kwamiti, tare da girmamawa, don na san kuɗin jama'a ne kuma don Allah aka yi. An ɗauko lasifikar ƙaho, wadda aka ƙera don fili, aka kafa guda huɗu a kusurwoyin cikin masallaci suna kallon juna, ga siminti ga rufin kwano. Ƙaho aikinsa a kan hasumiya yake, ya kai kiran salla nesa, kuma a can ba ni da ta cewa. A ciki kuwa faɗa suke da juna. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. In wata lasifika ta fi wata nisa da kunnenka da kamar mita 17, kalma ɗaya sau biyu za ta iso maka, ta biyun ta hau kan wadda ke biye.

Sai dattawan sahun baya su ce ba su ji huɗuba ba. Me za a yi? A ƙara murya! Wallahi ƙarin nan shi ke ƙara dagula ta, don amon da ke dawowa daga bango shi ma ƙaruwa yake. Kukan nan mai tsaga kunne da ke tashi in liman ya matso, shi ma ba laifin makirfo ba ne. An sa shi ne a gaban lasifika, yana sake ɗaukar abin da ta fitar. Ɓangaren mata kuma ko tambayarsu ba a yi ba.

Abin da nake gani, a mai da ƙahonin waje. A ciki a sa ƙananan lasifiku a jikin bango, sama kaɗan da kan mai tsaye, a karkato su ƙasa wajen sahu, duk suna fuskantar baya daga ɓangaren mihrabi, murya kuma a sassauta. Kafin azumi ya kama a fara tafsiri, a sa mai jan baƙi ya karanta bayan la'asar, ƴan kwamiti su koma sahun ƙarshe su zauna, a tura wata malama ɓangaren mata ta kawo rahoto. Inda ba a rarrabe sin da sadi ba, a sauke lasifikar wurin a sake mata mazauni.