Majami'a Ta Cika, Wa Ya San Wanda Bai Zo Ba?

Yayin da ake yi yanzu a ikilisiyoyinmu na birane shi ne gini. Daga Jos zuwa Kaduna zuwa Yola, kowace majami'a tana rushe tsohon ɗaki tana ɗaga wanda ya fi shi, ana sujada biyu ko uku ranar Lahadi, lasifika na amo har bakin titi. Ba na ƙin wannan, albarka ce. Damuwata ita ce mutum yana iya yin wata biyu a kwance, ko aurensa ya kama hanyar mutuwa, ba wanda ya lura kujerarsa babu kowa. Fasto kuwa ya koma ma'aikacin ofis: taron kwamiti, lissafin baiko, ɗaurin aure, jana'iza. Ziyarar gida, wadda a da ita ce rabin aikinsa, sai in ya sami sarari.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Mutum ɗaya ba ya kiwon mutum dubu. Tun a littafin Fitowa sura 18 Yetro ya ga Musa na neman kashe kansa da aiki, ya ba shi shawarar ya naɗa shugabanni har a kan mutum goma goma.

Shi ya sa na yi murna da ikilisiyoyi da dama suka rungumi zumuntar gida, inda ake taruwa unguwa unguwa a tsakiyar mako. Sai dai yadda ake tafiyar da wasunsu yana ci mini rai. An mai da su wurin ƙidayar kawuna da karɓar kuɗin gini. Shugaban rukuni ya karanta takardar da aka aiko, a tara baiko, a cika fom, a watse, ba a tambayi kowa yadda ya kwana ba.

A duba yadda abin ya faro wurin John Wesley. A 1742 a birnin Bristol na Ingila, mabiyansa suna da bashin ginin ɗakin taro, sai suka kasa kansu wajen mutum goma sha biyu biyu, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Masu zagayawa karɓar kwabon nan suka riƙa tarar da marasa lafiya, da masu rikicin gida, da waɗanda suka ja da baya. Wesley ya gane abin da ya samu ya fi kuɗin daraja, ya mai da rukunonin wurin kula da rayuka. Su da kuɗi suka fara suka ƙare a kan mutane. Ina tsoron mu mun juya abin.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a Arewa tun shekarun 1960, da ƙananan rukunonin addu'a ya bazu. Zumuntar Mata fa? A ECWA, a COCIN, a EYN, su ne farkon isa gidan haihuwa da gidan rasuwa, da itace da tsaba da sabulu, su kwana tare da gwauruwa, su koma bayan mako biyu sa'ad da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ba wanda ya tura su kwas. Na daɗe ina ganin matan nan su ne ainihin makiyayan ikilisiya, ko da yake ba a ba su kujera a gaba.

A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, an ƙone majami'u masu yawa, jama'a suka watsu zuwa Yola da Jos da sansanin Minawao a Kamaru. Gini ya tafi, amma ikilisiya ba ta mutu ba, domin mutanen da suka san juna da suna sun nemi juna, suka ci gaba da sujada a ɗakunan aro da ƙarƙashin itatuwa.

Roƙona ga dattawan ikilisiya shi ne kada rukuni ya wuce yawan da ɗakin zama zai ɗauka. A cire maganar kuɗin gini daga cikinsa gaba ɗaya. A zaɓi shugaba mai riƙe asiri, ko da bai iya wa'azi ba, domin ranar da damuwar wani ta fita kasuwa, daga ranar ba mai sake buɗe baki. Fasto kuma ya ware yini ɗaya a mako ya zauna da shugabannin nan, ya ji wane ne ba shi da lafiya, wane ne aka sallama daga aiki, sannan ya tashi ya je da ƙafarsa.