4.3 Hasumiyar Talabijin ta Nam June Paik da Matsalar Adana Fasahar Zamani

Daga cikin kayan da Gidan Adana Fasahar Zamani na Ƙasar Koriya ta Kudu ya mallaka, babu wanda ya fito da matsalar adanawa fili kamar "Dadaikseon", ma'ana iya yawa iya kyau. Nam June Paik ne ya ƙirƙiro shi a 1988, shekarar da birnin Seoul ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, aka kuma girke shi a reshen gidan da ke Gwacheon. Hasumiya ce mai tsawon fiye da mita 18, wadda aka gina da akwatunan talabijin 1,003. Wannan adadi kuwa ishara ce ga ranar 3 ga watan 10, wato ranar tunawa da kafuwar ƙasar Koriya.

Idan aka kwatanta wannan aiki da zanen fenti ko sassaƙen dutse, za a ga bambanci babba. Zane yakan daɗe matuƙar an kare shi daga danshi da hasken rana. Shi kuwa talabijin, kunna shi ne ke cinye shi, alhali in ba a kunna ba, babu abin kallo sai tulin akwatuna. A 2018 aka kashe hasumiyar baki ɗaya don gudun gobara. A lokacin Paik ya riga ya rasu tun 2006, masana'antu kuma sun daina ƙera talabijin mai doro.

Mafitar da gidan ya zaɓa ita ce ta tsaka-tsaki. An gyara ko an musanya akwatuna 737 da tsofaffi irinsu, sauran 266 da ke can sama kuwa aka sa musu allon LCD a cikin tsohuwar siffarsu. Da aka sake kunna aikin a watan Satumba na 2022, sai aka taƙaita shi zuwa 'yan sa'o'i a wasu ranakun mako.

Wannan nazari na ganin cewa gidan ya yi daidai da ya riƙe siffar asali, domin doron akwatin da irin hasken da yake fitarwa wani ɓangare ne na aikin, kuma shaida ne ga zamanin da aka yi shi. Sai dai akwai rauni ta fuska biyu. Na farko, wanda ya zo a lokacin da ba a kunna ba, duhu kawai zai tarar, ba abin da Paik ya nufa ba. Na biyu, tsofaffin akwatunan da ake nemowa ƙarewa suke yi. Ke nan jinkirta matsalar aka yi, ba a warware ta ba. Ko ba daɗe ko ba jima, tilas gidan ya yanke hukunci a kan abin da yake adanawa: akwatin ne, ko kuwa hoton da ke motsi a cikinsa.