Cicely Saunders da «ciwo gaba ɗaya»: abin da aka ɗauka daga aikinta da abin da aka bari

Duk mai nazarin jinyar waɗanda cutarsu ba ta da waraka sai ya bi ta kan aikin Cicely Saunders (1918-2005). A wannan ƴar takarda muna so mu auna abin da ta kawo a fagen bincike, domin a ganinmu masu ambaton sunanta sun fi masu karanta aikinta yawa.

Saunders ta fara da aikin jinya a Ingila, sannan ta zama likita a 1957. Daga 1958 ta shiga bincike a gidan jinya na St Joseph a Landan, inda ta tattara bayanan majiyyata kimanin 1,100, galibinsu masu ciwon daji da ya ci ƙarfinsu. Al'adar asibiti a lokacin ita ce a jira sai ciwo ya taso, majiyyaci ya yi ta kuka, kana a yi masa allura, don likitoci na tsoron kada ya saba da maganin ko numfashinsa ya tsaya. Ita kuwa ta bi hanyar da ta gani tun tana aikin sa kai a gidan St Luke: a ba da maganin ta baki, kowace awa huɗu, tun ciwon bai dawo ba. Bayananta sun nuna cewa mutum na iya samun sauƙi kuma ya zauna da hankalinsa, yana hira da iyalinsa. Daga sauraron majiyyatan nan, waɗanda takan ɗauki muryarsu a faifai, ta fito a 1964 da ra'ayin «ciwo gaba ɗaya», wato zafin jiki da tsoro da damuwar iyali da tambayar imani duk suna cuɗe da juna.

Ta fuskar tsarin bincike, aikin St Joseph na da rauni. Babu rukunin da aka kwatanta da shi, kuma mai ba da maganin ita ce mai yanke hukunci a kan amfaninsa. Hujja mai ƙarfi ta zo ne daga baya, a gidan St Christopher da ta buɗe a 1967, inda Robert Twycross ya fara gwaje-gwaje a 1971. Shi ya nuna cewa morfin da aka sha ta baki bai kasa diyamorfin ba, kuma hodar koken da ake zubawa a haɗin Brompton ba ta ƙara wani amfani mai ɗorewa. Sai dai mu lura, a gidanta aka rushe haɗin da ita kanta ta yi aiki da shi. Ba kowane mai bincike ke yarda da haka ba. Shi kuwa ra'ayin «ciwo gaba ɗaya», ba shi da iyaka kuma ba ya aunuwa. David Clark ya nuna a 1999 cewa yana iya buɗe wa ma'aikacin lafiya ƙofar shiga duk sirrin majiyyaci da sunan magani.

Amma abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake karanta ta daga Maraɗi ko Damagaram. Da an ji «ciwo gaba ɗaya» sai a ce ai mu tuni muna da wannan: majiyyacinmu ba ya mutuwa shi kaɗai, ga dangi, ga masu dubiya, ga malam da addu'a. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin arziki ba ne. To amma Saunders ba ta kai ga zancen zuciya ba sai da ta kwantar da zafin jiki. Mu kuma muna yaba dauriya, muna ce wa mai nishi ya yi haƙuri, har kunya ta sa dattijo ya danne abin da ke cin sa a gaban ƴaƴansa. Shirun nan sai mai jinya ya ɗauka sauƙi ne. Wanda ya karɓi rabin aikinta da ba ya cin kuɗi, ya bar maganin da agogonsa, bai karɓi aikinta ba.

Maganar ba ta mu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matakai uku na maganin zafin ciwon daji tun 1986, amma rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya gano cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na irin wannan magani. Ginin St Christopher ma ba abin kwaikwayo ba ne a ƙasar da ƙauye ke nesa da likita. Wadda ta sauya wa tsarin kama don Afirka ita ce Anne Merriman, likitar da ta taɓa aiki a Najeriya: daga 1993 a Yuganda ta riƙa narka garin morfin a ruwa ana kai wa majiyyata har gida, kuma a 2004 dokar ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar iznin rubuta shi. Binciken da muke so mu ga ɗalibanmu sun yi ke nan: su ƙidaya kwana nawa a shekara ake samun morfin na sha a asibitin gari, kuma wa ke da ikon sa hannu a takardarsa.