Bala Miller da Ƙahon Bature: Wane Gurbi Ya Dace da Shi a Tarihin Kiɗan Hausa?

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna lissafin makaɗan ƙasar Hausa, sunayen da kan fara zuwa baki su ne Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Shata da Ɗan Maraya Jos. Manazarta kuma sun kasa su gida-gida: makaɗan yaƙi, da na fada, da na sana'a, da na jama'a. To amma akwai wani makaɗi da ya yi waƙa da Hausa, ya yi suna a Nijeriya, sai dai bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ba, don haka akan tsallake shi. Wannan mutum shi ne Bala Miller, mabushin ƙahon Bature kuma shugaban ƙungiyar makaɗa. A wannan maƙala zan auna aikinsa, in nuna inda ya ci nasara da inda ya gaza, sannan in faɗi dalilin da ya sa nake ganin tsallake shi hasara ce gare mu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Bala Miller a Pankshin ta Jihar Filato ta yanzu a shekarar 1928. Mahaifinsa malamin coci ne, mutumin Zariya, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista. Bala ya fara sanin kayan busar Turawa yana yaro a Lakwaja, inda aiki ya kai mahaifinsa. Daga nan ya yi karatu a makarantar C.M.S. ta Ikko, ya cuɗanya da makaɗan hailaif na wancan zamani, musamman Victor Olaiya, wanda shi ma mabushin ƙaho ne. Ya daɗe yana aikin kamfani da rana, kiɗa da dare.

Da ya dawo Arewa sai ya sa hannu wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975. Ya taka rawa a bikin FESTAC na 1977, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Pirameeds of Africa, wadda ta zauna a Kaduna, mutanenta suka haura 20. A shekarun 1980 yana da shiri nasa a talabijin na ƙasa, wato NTA. Ya rasu a shekarar 2003.

3.0 Kakaki da Ƙahon Bature

Bahaushe ba baƙon busa ba ne. Muna da kakaki da algaita da farai da sarewa. Sai dai kakaki na sarki ne, ba a busa wa talaka shi komai dukiyarsa, kuma muryoyin da yake fitarwa kaɗan ne. Da waɗannan 'yan muryoyi mabushi ke kwaikwayon hawa da saukar magana, har mai sauraro ya gane taken da ake busawa.

Ƙahon Bature kuwa yana da maɓallai uku da ake dannawa, waɗanda ke ba shi damar hawa da sauka yadda mabushi ya so. Ya shigo mana ne ta hanyar badujalar soja da 'yan sanda da makarantun mishan. Ta irin wannan hanya ta badujala ce ya shiga hannun baƙaƙen fatar birnin New Orleans na Amurka, inda kiɗan jaz ya tsiro a farkon ƙarni na 20. A jaz na asali mai ƙaho ne ke jan waƙa, sauran mabusa su amsa, kusan yadda jagora da 'yan amshi suke yi a wurinmu. Gwarzon wannan fage, Louis Armstrong, ya zo Nijeriya a 1960, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

Kiɗan Bala Miller ba jaz ba ne tsantsa, hailaif ne mai gaurayen jaz. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa na Ikko shi ne ya ɗora harshen Hausa a kan wannan kiɗa.

4.0 Nasararsa da Gazawarsa

Ni a ganina, babbar nasararsa tana cikin warware wata matsala da kowane malamin Hausa ya sani. Hausa harshe ne mai karin sauti. In aka murɗe karin kalma sai ma'ana ta gudu. Da yawa masu ɗora Hausa a kan kiɗan waje sukan tilasta wa kalmomi bin kiɗan, sai ka ji waƙa kamar Bature na koyon gaisuwa. A waƙarsa da ta fi shahara, wato Ikon Allah, kiɗan ne ke bin magana. Ƙahonin sukan dakata su ba murya wuri, sannan su amsa mata. A nan ƙahon Bature ya koyi ladabin kakaki.

Haka kuma jigon waƙar ya cancanci a tsaya a kansa. Ga ɗan malamin coci ya yi waƙa kan ikon Mahalicci, Musulmi da Kirista suka karɓe ta ba tare da kowa ya ji an taka shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san abin da Kaduna ta gani daga baya.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Idan aka ajiye kiɗa aka dubi kalmomi kawai, ba za a sami zurfin da ke cikin waƙoƙin Narambaɗa ba. Babu irin wannan kirari da habaici da tarihin da ke sa a yi ta tattauna ɗan waƙa guda har tsawon darasi. Baitocinsa gajeru ne, maimaici ya yi yawa, ƙarfinsu yana ga tsarin kiɗan. Bugu da ƙari, ƙungiya mai mutum sama da 20 da kayan da sai an sayo daga waje ba za ta iya yawon kasuwa da gidan biki kamar mai kalangu ko kuntigi ba. Sai ta tsaya a kulob da otal da talabijin. Shi ya sa a wurare irin namu, Gidan Katta da Illela, wanda ya san muryarsa ta akwatin rediyo ya san ta, kuma da ƙungiyar ta watse ba ta bar magada a karkara ba.

5.0 Darasi Daga Ƙetaren Iyaka

Mu da ke bakin iyaka muna da abin kwatance kusa da mu. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar ɗan lokaci ce, Ƙonni kuwa tana cikin jihar Tawa. A shekarun 1980 hukumomin Nijar suka kafa gasar kiɗan zamani da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, daga baya kuma suka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai da sunan Alhaji Taya. Wato sun ɗauki mai jita da mai ƙaho a matsayin magajin mai gurmi, ba bare ba. Abin da Bala Miller ya nema ke nan a Kano tun kafin su, amma mu ba mu riƙe abin da hannu biyu ba.

6.0 Kammalawa

Ban ce a ɗora Bala Miller a sahun Shata ko Ɗanƙwairo wajen fasahar harshe ba. Abin da nake cewa shi ne, matasan da ke waƙar Hausa da fiyano a yau suna tafiya ne a kan turbar da ya share, kuma yawancinsu ba su san sunansa ba. Ya kamata rabe-raben makaɗanmu su sami gida na biyar, na makaɗan zamani, a fara lissafinsa da shi. Ina kira ga hukumomin tarihi da al'adu su nemi fayafayensa a gidajen rediyo da talabijin su adana tun ba su lalace ba. Malamai kuma su gwada sa wa ɗalibai busar kakaki, su bi ta da Ikon Allah, sannan su tambaye su abin da ɗaya ya ara daga ɗaya.