Ruwan Zinare da Saiti: Nazari a Kan Aikin Injin Foyil

A Kano da Kaduna da Zariya, wanda yake da hali ba ya barin katin ɗaurin auren 'yarsa ya tsaya a tawada kawai, sai ya ce a sa sunan ango da amarya da ruwan zinare. Ɗalibin da ya kammala jami'a ba ya miƙa kundinsa sai an ɗaure shi da bango mai tauri, an danna sunansa da na sashensa da harufa masu ƙyalli. Haka bangon Alƙur'ani, haka takardar shaida, haka kwalin turare. Duk aikin inji ɗaya ne, wanda masu maɗaba'a suke kira injin foyil. Jama'a suna yaba aikin da ƙyallinsa, amma ƙyalli ba na mai bugawa ba ne, a nannaɗe ya sayo shi daga kasuwa. Abin da yake nasa shi ne saiti, wato zinaren ya sauka daidai inda aka nufa, a kati na farko da kuma na ɗari biyar. A ganina da wannan ya kamata a riƙa auna gwani a sana'ar, kuma a nan ne aka fi yin sakaci.

Sana'ar ta girmi injin. Tun ƙarni na 13 masu ɗaurin littafi a Maroko suna ɗumama ƙarfe mai zane, su danna shi a kan ganyen zinare na gaske da aka shimfiɗa a fata, kuma daga ƙasashen Musulmi ne dabarar ta shiga Italiya a ƙarni na 15. Mu ma muna da danginta a gida, domin dukawanmu sun daɗe suna danna zane a fatar tadarishi da gafaka, ko da yake ba da zinare ba. Foyil na zamani kuwa ana danganta farkonsa da wani Bajamushe, Ernst Oeser, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1892. Wanda aka fi amfani da shi yau babu zinare a cikinsa. Siririyar leda ce mai hawa-hawa: ledar da take ɗauke da komai, sai shafen da yake sakin ta idan ya ji zafi, sai launi, sai alminiyam mai ba da ƙyalli, sai gam a can ƙasa. Ana sassaƙa rubutun a juye a kan bulok na ƙarfe, a ɗumama shi sama da digiri 100 a ma'aunin Selshiyas, a danna shi a kan ledar da takardar tare. Zafi ya narkar da gam, nauyi ya manna shi, ɗan lokacin da bulok ya zauna kuma ya sa ya kama.

Duk mai koyo yana haddace waɗannan ukun, zafi da nauyi da daɗewa, kuma cikin 'yan makonni hannunsa yakan saba da su, domin kuskurensu yana bayyana nan take. In zafi ya yi yawa, zinaren ya malala ya cike cikin harufa, ƙyallin ya dusashe. In ya yi kaɗan, ya fito da ramuka-ramuka. Saiti ba haka yake ba. Kati ɗaya yana iya fitowa lafiya lau, sai an jera guda hamsin an duba gefensu a ga sunan yana hawa yana sauka. Kuma foyil ba ya karɓar gyara. Tawada in ta yi haske ana iya sake bi ta kanta, amma zinaren da ya sauka a karkace ya zauna ke nan, har da ramin da bulok ya yi a jikin takarda. Sai dai a yar da katin.

Hanyar da gwanaye suke bi ba ta da tsada ko kaɗan. Bayan an ɗaure bulok ya yi zafi, sai a manna leda mai gani-har-hanji a kan faifan injin da salatif ta gefe ɗaya, yadda za ta riƙa buɗewa da rufewa ba tare da ta gusa ba. A danna bulok a kanta sau ɗaya, rubutun ya fito. To yanzu an san ainihin inda injin yake sauka. Sai a zura katin a ƙarƙashin ledar, a yi ta matsar da shi har rubutun ya hau wurinsa, sannan a kafa madogara: ƙananan guntayen kwali ko ƙarfe, biyu a dogon gefe, ɗaya a gajeren gefe. Dalilin uku shi ne takarda tana zama daram idan ta jingina da wuri uku. In an kafa doguwar madogara guda, ɗan gashin takarda ko ƙura kaɗan ya isa ya karkatar da ita. Daga nan aikin mai sa takarda shi ne ya tura kowane kati ya taɓa wuraren nan uku da ƙarfi iri ɗaya. Wanda ya tura da ƙarfi da safe, ya sassauta da la'asar saboda gajiya, ya yi aiki iri biyu ba tare da ya sani ba.

Akwai abin da ke ɓoye a cikin ƙarfen kansa, wanda na ga ba a cika koya wa yaran shago ba. Ƙarfe yana buɗewa idan ya ji wuta. Bulok na maganiziyam, wanda aka fi saye saboda arha, idan tsawonsa santimita 20 ne aka ƙara masa zafin digiri 100, yana ƙaruwa da kusan rabin milimita. Tagulla da jan ƙarfe ba su kai haka ba, amma su ma suna motsawa. Rabin milimita a baki ba komai ba ne, amma idan zinaren zai zagaye harafin da aka riga aka buga da tawada, ido yana kama shi daga nesa. Saboda haka wanda ya yi saiti da bulok mai sanyi ya yi aikin banza, dole sai zafin ya ratsa ƙarfen ya tsaya. A nan ne matsalar wutar lantarki ta ƙasarmu take shiga cikin aikin kai tsaye. An ɗauke wuta, bulok ya huce ya tsuke, an tada janareta, mai aiki yana sauri ya ci gaba kafin zafin ya koma inda yake. Katunan da ya buga a wannan tsakanin ba za su yi daidai da na farko ba, kuma yawanci a tsakiyar ɗauri ake cusa su.

Takarda ma tana da nata motsin. Tana shan laima da damina ta buɗe, ta bushe da hunturu ta tsuke, gefenta ya nannaɗe. Katin da aka yi wa bugun farko a Shomolu ta Legas, aka ɗauro shi zuwa Kano cikin watan Janairu don a sa masa zinare, yana iya isowa da girman da ya ɗan bambanta da wanda aka auna bulok da shi. Maganin shi ne a bar takardar ta kwana a ɗakin da za a yi aikin kafin a taɓa ta, abin da mai biki jibi ba zai yarda da shi ba.

Amma babban laifin saiti sau da yawa ba a gaban injin foyil ake yin sa ba. An riga an yi shi tun a bugun farko da wurin yanka. Kowane injin buga tawada yana da gefen takardar da yake kamawa da gefen da yake jinginarwa, kuma rubutun yana daidai ne da waɗannan gefuna biyu kawai. Idan mai foyil ya jingina katin ta ɗaya gefen, duk bambancin da wuƙar yanka ta bari zai bayyana a zinarensa. Shi ya sa maɗaba'a mai tsari take sa alama a gefen da aka kama, kuma ba ta yanke kati zuwa girmansa na ƙarshe sai bayan an gama sa zinare. Yanzu kuma da ƙananan injunan buga takarda na kwamfuta suka cika shaguna, abin ya ƙara taɓarɓarewa, domin yawancinsu ba sa ajiye rubutu wuri ɗaya daga takarda zuwa takarda, yana iya gusawa da milimita guda ko kusa da haka. Komai gwanintar mai foyil ba zai iya bin rubutun da yake yawo ba. Tsoffin injunan Heidelberg na Jamus da Kluge na Amurka, waɗanda ake juya wasunsu zuwa aikin foyil, har yau ana neman su ne saboda suna ajiye takarda wuri ɗaya sau dubbai.

Ina ɗora wa masu zane a kwamfuta nasu kason. Yaro ya zauna gaban allo ya zana siririn layin zinare da zai bi gefen fure sak, ko ƙawanya da take kusa da bakin kati, domin a allon komai yana zama inda aka ajiye shi. Bai taɓa tsayawa kusa da inji mai zafi ba. Mai zanen da ya san aikin yakan bar wa zinare fili shi kaɗai, ko ya sa ya ɗan hau kan tawadar yadda ƙaramin gushi ba zai bar farin tsagi ba. Wannan ilimi ne da ake samu da tambayar mai injin kafin a yi zane, kuma tambayar ba ta cin ko kwabo.

Mu masu kai aiki kuma ba mu fita ba. Saitin kirki yana cin lokaci da takardun gwaji, har da bin bayan faifai da siraran takardu ana cike wuraren da nauyi bai kai ba. Wannan wahalar ɗaya ce ko kati hamsin za a buga ko dubu biyar. Amma sai mu je ana saura kwana biyu biki, mu taya rabin kuɗi, mu ƙi biyan ko kati goma na gwaji, sannan mu yi mamakin sunan amarya ya karkace. Araha ba ta ado. Abin ya fi damuna idan aikin na addini ne. Mahaddatan da suke rubuta Alƙur'ani da hannu suna jan layi su auna zayyana kafin alƙalami ya sauka, don girmama abin da suke rubutawa. Bai dace a ce Bisimilla da aka danna da inji a saman kati, ko sunan Littafin a bangonsa, ya fito a jirkice saboda wani yana sauri ba.

Ga wanda zai karɓi aikin foyil, dubawar ba ta da wuya. Kada ka tsaya a katin da aka ɗora a sama, domin shi ne aka zaɓa. Zaro goma daga wurare daban-daban na ɗaurin, ka daidaita gefensu a kan tebur, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana kallon tazarar rubutun daga bakin takarda. In tazarar ba ta canzawa, ka biya mai aikin abin da ya nema ba tare da ciniki ba, kuma ka ba shi mako guda a karo na gaba.