Ɗan Jagora a Waƙar Makafi

Kalmar jagora tana da ma'ana biyu a ƙasar Hausa, kuma duk biyun ana iya ganinsu a rana ɗaya a gari ɗaya. A wajen makaɗan fada, jagora shi ne uban tafiya, mai ƙulla waƙa, wanda 'yan amshi ke jira ya ajiye su ɗauka. A wajen makafi kuwa jagora yaro ne mai riƙe da kan sanda, yana gaba, mai waƙa yana biye. Na farko ya sami masu nazari da yawa. Na biyu har yanzu ba a ba shi ko gefen takarda ba, alhali kuwa da ƙafarsa da muryarsa wani babban sashe na waƙar wa'azi ya zaga ƙasa.

Yankin Faru da Maradun da Bakura da Talata Mafara wuri ne mai kyau na gwada wannan magana, gama nan ne mahaifar manyan makaɗan kotso. Sa'idu Faru, wanda ya rasu a 1987, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, ya kuwa yi suna da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Maccido tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, daga ƙasar Bakura ya fito, ya yi wa Sarkin Kayan Maradun kiɗa, daga baya ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello. Duk ɗalibin da aka aika ya yi nazarin waƙar ɗaya daga cikinsu ya san ba a karɓar aikinsa sai ya bambance abin da jagora ya faɗa da abin da 'yan amshi suka karɓa, ya nuna inda suka yi ƙari, ya ambaci muƙamansu a ƙungiya. Hanyar da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa cikin Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993 ta tabbatar da wannan ɗabi'a a makarantu, kuma ɗabi'a ce mai kyau. To, amma a kasuwar da Talata Mafara ta sami sunanta daga gare ta, da sauran kasuwannin ƙauye na kewaye, akwai wata ƙungiyar mawaƙa ta mutum biyu, makaho da yaronsa, ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa. Ita ba a yi mata wannan adalci ba.

Waƙar da ta fi kowace shahara a bakin makafi mabarata ita ce Imfiraji ta Aliyu Namangi. An haife shi a 1894 a ƙauyen Namangi kusa da Zariya, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya yi karatun addini mai zurfi, ya rasu a 1990 bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. An buga waƙar a Zariya kashi-kashi, ta shiga manhajar makarantu, har ta zama ba ɗalibin Hausa da zai ce bai san sunanta ba. Abin da ke cikinta yabon Annabi ne, da gargaɗi kan ruɗin duniya, da tunatarwa kan mutuwa da kwanciyar kabari da ranar hisabi.

Masu sharhi a kanta sun saba bin ɗayan hanyoyi biyu in sun zo kan makantar mai ita. Waɗansu su yi ta mamaki, wai ga wanda ba ya gani yana siffanta abu kamar a gabansa ya ke. Waɗansu kuma su karkata ga tausayi, su mai da makantar wani ɗan labari na buɗe sharhi, sa'an nan su wuce ga salo da jigo kamar ba ta taɓa waƙar ba. Hanyoyin nan biyu aibinsu ɗaya ne: sun bar mawaƙin shi kaɗai a fili, ba kowa kusa da shi. Wannan kuwa ba zai yiwu ba. Wanda bai taɓa ganin baƙi da wasali ba, ilmin da ke cikin waƙarsa ta kunne ya shiga, watau wani ya zauna ya karanta masa, ya maimaita, ya sake maimaitawa har ya zauna. Da waƙar ta ƙullu a ka, wani ne ya riƙe alƙalami. Da ta fita daga zaure, waɗansu makafi ne suka hardace ta, yaransu suka ja su da ita ƙofa ƙofa. Hannuwa uku ke nan, kuma kowanne ya bar alama a jikin waƙar.

Alamar ta ƙarshe ita ta fi saukin gani, ita ce kuma a ke yawan kira kuskure. Waƙar da aka yi da Hausar Zazzau, in ta iso bakin mutumin Bakura ko Maradun, ba ta zama yadda ta ke. Inda littafi ya ce suka, shi sunka zai ce. Inda aka rubuta ya zo, shi yaz zo ya sani. F ta koma hw, ɗafa-ƙeyar mace ta narke cikin baƙin da ke biye. Wannan ba canjin lafazi kaɗai ba ne. Suka gaɓa biyu ce marasa nauyi, sunka kuwa ta farkonta mai nauyi ce, saboda haka ma'aunin ɗangon ya motsa, dole mai rerawa ya ja wata gaɓa ko ya haɗiye wata, ko kuwa ya musanya kalma ɗungum don karin ya daidaita. Malamin da ya ɗauki littafi ya bi mai bara da jan alƙalami zai ga ɓarna. Wanda ya saurara zai ga mutum yana gyaran waƙa da kunne, irin gyaran da in makaɗin fada ya yi a kan yaba masa.

Sa'an nan ga aikin yaron. Waƙar da aka rubuta ta murya ɗaya ce, daga farko har ƙarshe. A ƙofar gida kuwa ta kan rabu biyu. Makaho ya ɗauki ɗango, yaro ya cika. Ko makaho ya kai baiti ƙarshe, yaro ya mai da wani ɗango guda da suka mayar amshi, don babban ya numfasa. Shi yaron ne ke ganin an ɗaga labule ko ba a ɗaga ba, shi ke ganin mai tsiren da ya sa hannu aljihu, saboda haka sau da yawa shi ke yanke inda waƙa za ta tsaya, da ɗan ja ko sassauta sanda. Baitocin da suka fi yawo, har waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba suka san su, ba wani mai tace littafi ya zaɓe su ba. Zaɓen ƙofar gida ne, an yi shi shekara da shekaru, bisa ga abin da ke sa matan kulle su aiko da tsaba ko ragowar tuwo. Mai nazarin da ke son sanin abin da jama'a suka ɗauka daga Imfiraji, ba abin da malamai suka ce su ɗauka ba, a nan zai same shi.

Wani zai ce marubuci alƙalami ne kawai, jagora kuwa sanda ce mai ƙafa, ba su da rabo a fasaha. Masu nazarin adabin waɗansu harsuna ba su ɗauki abin haka ba. Abul Ala'il Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya makance yana yaro, littattafansa duka shifta ya yi wa almajirai. Milton na Ingila ya makance kafin ya yi babbar waƙarsa da aka buga a 1667, masana kuwa sun daɗe suna bin diddigin waɗanda suka rubuta masa, don su gane wane rubutu ne nufinsa, wane ne na mai alƙalami. Ɗaha Husaini na Masar, wanda ya rasu a 1973, bai ɓoye cewa da idon matarsa da na masu karanta masa ya yi karatu ba, kuma cikin Al-Ayyam ya ba da labarin yadda a ke jan yaro makaho zuwa makaranta. Ba wanda ya ce wannan bincike ya rage wa mutanen nan daraja. Haka ba abin da zai ragu daga Aliyu Namangi, ko daga Audu Makaho na Birnin Kebbi mai waƙar Tabuka, in an tambayi yadda waƙoƙinsu suka bi ta hannun mutane kafin su iso takarda.

Dalilin wannan shiru ya wuce adabi. Hausawa suna da karin magana da yawa kan naƙasassu: makaho bai san ana ganinsa ba sai ya ji sanda, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Kusan dukansu naƙasasshen su ke kallo, ko don dariya ko don darasi. Mai ɗawainiya da shi ba ya cikin hoton, domin aikinsa an ɗauke shi kamar shara da ɗiban ruwa, abin da a ke yi ba a faɗa. Matar da ke ajiye wa mijinta makaho buta a wuri ɗaya kullum don kada ya lalube, 'yar da ke goya ƙanenta da shan inna ya shanye wa ƙafa zuwa makarantar allo, tsohuwar da ke wanke gyambon kuturu, duk aikin cikin gida ne, mafi yawansa kuma na mata da yara. Jagora shi ne kaɗai ɓangaren wannan aiki da ya fito titi kowa ya gani, duk da haka ido ya kan tsallake shi.

A da akwai tsari a bayan wannan ɗawainiya. Da Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya tarar makafi suna da unguwarsu a cikin ganuwa, suna kuma samun taimako daga mai mulki. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu sun wanzu a garuruwan Hausa har yau, su ne ke sasanta rikici tsakanin mutanensu, su karɓi baƙo, su raba abin da aka aiko. Makafi kuma ba bara kaɗai su ke yi ba, an san su da tufkar igiya. Zamanin Turawa ya kawo asibitocin kutare irin na Amanawa kusa da Sakkwato, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Dokar tarayya da aka sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma hana kowa amfani da su wajen bara. Duk waɗannan matakai naƙasasshen su ke fuskanta, kuma daidai ne. Amma yaron da ke gaba da sanda yana nan inda ya ke.

A nan fa dole mai sharhi ya yi hattara, kada ya gyara wani zalunci da wani. Yabon ɗan jagora a matsayin abokin fasaha ba ya share cewa yaro ne mai shekara 8 ko 10 wanda ya kamata a ce yana aji. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta masa karatu kyauta har ƙarshen ƙaramar sakandare, shi kuwa yinin da ya yi yana amshi yinin da bai yi a makaranta ba ne. Daɗin muryarsa a ƙofar gida kuɗinsa ke nan. In kuwa aka ɗauke shi aka kai makaranta ba tare da an duba wanda zai maye gurbinsa ba, an zaunar da uban a ɗaki, an yanke abincin gidan. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya tsananta a Zamfara cikin shekarun da suka biyo bayan 2011, nauyin ya ƙaru, gama ranar da ƙauye ya watse da dare, makaho da gurgu ba su tsira sai da wanda ya yarda ya rage gudu dominsu, kuma galibi wannan yaron ne ko uwarsa. Sharhin da ya ji karin waƙar ya ƙi jin wannan, rabin sauraro ya yi.

Abin da ya rage shi ne hanyar aiki, ita kuwa ba ta da wuya. Malaman kwalejojin horon malamai da ke aika ɗalibai tattara waƙoƙin baka a lokacin hutu suna iya neman a rubuta waƙar bara yadda a ke rubuta ta fada: a ware muryar makaho daban, ta yaro daban, a bar lafazin Zamfara yadda ya fito ba tare da an mai da shi daidaitacciyar Hausa ba, a nuna inda aka tsaya da abin da ya tsai da su. A tambayi mai rerawa wurin wa ya hardace, shi kuma wurin wa, gama makafi suna da silsilar malamai kamar kowa. A tambayi dangantakarsa da yaron, ɗa ne ko jika ko almajirin da aka ɗauka da lada, da yadda su ke raba abin da aka samu. Kafin duk wannan ɗalibi ya fara gaida Sarkin Makafi na garin ya nemi izini, ya kuma tuna cewa sa'a ɗaya da ya tsare su da tambaya ranar kasuwa sa'a ce ta neman abinci, sai ya biya.