Matasan Mawaƙan Dogon Daji, Wa Zai Ciyar Da Waƙarku?

Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega a 'yan shekarun nan, in ya tsaya a Dogon Daji ko Tambuwal ya kasa kunne, zai ji abin da babu shi a da. Cikin waƙoƙin da ke tashi a wayoyin 'yan kabu-kabu da shagunan caji, yanzu har da muryoyin yaran garin. Yaro zai tara kuɗin aikin gona ko na ɗinki, ya hau mota zuwa Sakkwato ko Birnin Kebbi, ya shiga sitidiyo da safe, kafin magariba ya dawo da waƙarsa a cikin waya. Bai nemi izinin fada ba, bai jira furodusan fim ba. In ka tambaye shi, zai ce maka shi mai cin gashin kansa ne.

Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Amma in hira ta yi nisa da waɗannan ƙannen namu, kusan kullum wuri ɗaya take ƙarewa: Allah Ya kawo lokacin zaɓe, wani babba ya ji waƙar, ya kira mutum, ya ba shi mota. Wannan burin ne ke damuna, domin a ganina shi ne zai kashe 'yancin da suke alfahari da shi tun bai yi ƙwari ba.

Ƙasar Sakkwato ba baƙuwar waƙar ubangida ba ce, kuma ban raina ta ba. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa Amadu. Salihu Jankiɗi ya yi zamansa a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya riƙe Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Aliyu Ɗandawo ya kafa gida a Yawuri. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya taso ne a ƙarƙashin sarautar Maradun kafin muryarsa ta game Arewa. Waɗannan bayin Allah sun sallama wani yanki na 'yancinsu, amma dubi abin da suka karɓa a madadinsa: gida, gona, doki, sutura, hatsin shekara, da zaman amana na shekaru masu yawa. Makaɗin fada ba ya fargabar gobe a sallame shi. Shi ya sa yake da sukunin zama da 'yan amshinsa su yi ta juya waƙa ɗaya, suna gyara, suna ƙari, har ta nuna. Ingancin da muke jin daɗinsa a faya-fayansu har yau, wannan natsuwar ce ta haife shi.

Ɗan siyasa ba ya ba da irin wannan. Ba don mugunta ba, tsarin abin ne haka. Wa'adinsa shekara huɗu ne, buƙatarsa ga mawaƙi kuwa wata biyar ce ko shida. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Ɗan ƙasarmu Aminu Waziri Tambuwal ya bar PDP zuwa APC a 2014, ya koma PDP a 2018, ya ci zaɓen gwamna na 2019 da ratar ƙuri'a 342 kacal, sannan a 2023 Ahmed Aliyu na APC ya karɓi kujerar. A siyasa wannan ba abin mamaki ba ne, kowa na neman inda zai fi masa. Amma ka tuna da yaron da ya zuba duk basirarsa a waƙar jam'iyya ɗaya, ya yi wa ɗaya ɓangaren zambo da habaici. Manya za su shirya, su zauna a falo ɗaya su ci abinci. Shi kuwa yana nan a gari ɗaya da mutanen da ya zaga, a masallaci ɗaya, a kasuwa ɗaya, wataƙila ma a gidansu yake neman aure. Rabin gari ya daina kiransa biki. Waƙar da ya yi ta mutu ran da aka sanar da sakamako, domin ba wanda zai sa ta a wajen kamu ko suna.

Sannan kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da ya karɓi mota ba zai iya buɗe baki ya yi waƙar tsadar taki ba, ko ta manomin ƙasar Kebbe da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa, ko ta matar da ta haihu a hanya kafin a kai asibiti. Su ne kuwa waƙoƙin da mutanenmu ke ƙishirwar ji. Ban ce kada mawaƙi ya taɓa waƙar siyasa ba. Dauda Kahutu Rarara ya nuna akwai arziki a cikinta, kuma wanda aka yi ciniki da shi ya yi aiki ya karɓi haƙƙinsa bai yi laifi ba. Sai dai a kowace jiha mutum nawa ne za su kai wannan matsayi? Sauran ɗaruruwan suna ƙarewa ne a ƙofar gidan ɗan takara, suna jiran yaron gida ya fito da 'yar ambulan.

Akwai wata hanya, kuma ita ma tamu ce ta gado. Ɗan Anace a filin dambe ya yi suna, yana wasa Shago da sauran 'yan dambe, 'yan kallo na yi masa kari. Makaɗan noma a bakin kunya suke tsayawa ranar gayya, su zuga samari, su tashi da dame da ɗan abin da aka samu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna waƙa, amma ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma, kuma ba fadar da ta mallake shi. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, yana waƙar ɗan adam da zaman duniya, har ya rasu a 2015. Barmani Choge matan aure ne suka riƙe ta da ƙwaryarta. Duk waɗannan abincinsu daga hannaye da yawa yake fitowa, kaɗan-kaɗan. In mutum ɗaya ya yi fushi ya janye, tukunya ba ta sauka. Cin gashin kai na gaskiya ke nan a waƙa, kuma shi nake so matasanmu su sa a gaba.

Na san za a ce ai zamani ya canza, yanzu intanet ce kasuwa. To mu duba ta da kyau. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya cika sharuɗɗanta, irin su tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma abin da take biya a kan masu kallo daga Nijeriya bai taka kara ya karya ba in an gwada da na Turai ko Amurka. Spotify sai a 2021 ta shigo ƙasar nan, kuma masu sauraronmu na karkara ba ta nan suke jin waƙa ba. A watan Satumba na 2021 ɗin ma gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Wanda duk sana'arsa ta rataya a kan data, ranar ya zauna. Gaskiya ne waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020, lokacin kullen korona, ta hanyar bidiyon da mata suka riƙa ɗauka suna rawa a gidajensu. Irin wannan dace yana faruwa, amma ba a gina rayuwa a kan jiransa.

Yadda waƙa ke yawo a wajenmu daban ne. Je ka rumfar mai tura waƙa ranar kasuwa. Yana zaune a kan benci, tsohuwar kwamfuta a gabansa, ƙaramin janareto na kuka a baya, wayoyi jere a kan tebur kowace da lambarta a manne. Bafulatani zai zaro memori daga cikin hularsa ya miƙa, ya ce a cika masa. Mai turi ba zai tambaye shi sunan mawaƙi ba, zai kwaso abin da ke tashe ya zuba, ya karɓi 'yan kuɗinsa. Ko kwabo ba ya isa ga wanda ya yi waƙar. Manyan mawaƙan Kano suna da hujjar kuka da wannan, tunda shi ya durƙusar da cinikin faifai da ake yi a kasuwar Ƙofar Wambai. Amma ga mai tasowa a Dogon Daji, wannan mutumin shi ne gidan rediyonsa. Ta hannunsa waƙa za ta shiga rugage da ƙauyukan da ko sabis babu. Ni shawarata, mawaƙi ya kai masa waƙar da kansa, ya tabbata sunansa da lambar wayarsa suna cikin waƙar tun daga farko, yadda duk wadda ta ji ta a Kuchi ko Sanyinna za ta san wa za ta nema ran bikin 'yarta.

Domin a nan kuɗin yake, a biki da suna da walimar sauka da taron ƙungiyoyi da wasan sallah. Kuma galibi a hannun mata yake. Uwar amarya ce ke cewa a yi wa 'yarta waƙa da sunanta da na ango da na dangi, ita ce ke biyan kuɗin sitidiyo daga adashinta, ƙawayenta ne ke liƙi. Ado Gwanja ya gane haka da wuri, ya kama mata ya riƙe, suka ɗaga shi. Ali Jita ma waƙoƙin aure ne suka kai sunansa gidaje. Wannan kasuwar ba ta jiran hukumar zaɓe. Duk bayan kaka, in an sayar da gero da shinkafa da albasa, aure ake yi. Tana da nata rauni, ba shakka. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya busar da liƙi, kuma daga 2024 hukumar EFCC ta matsa wajen kai masu watsa naira kotu. Darasin da ke ciki shi ne a yi ciniki tun kafin a fita daga gida, a karɓi kafin alƙalami ta banki, liƙi ya zama ƙari.

Amma mai son cin wannan kasuwa sai ya iya waƙa a gaban mutane, kuma a nan ne da yawa ke faɗuwa. Za ka ga yaro ya zo wajen biki, DJ ya saki waƙarsa, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki yana zagaya fili. In wuta ta ɗauke, shi ke nan, sai ya tsaya yana kallon mai janareto. Ba zai iya ganin gwaggon ango ta shigo ya saƙa mata ɗiya biyu nan take ba, alhali abin da ke sa hannu ya shiga jaka ke nan. Na'urar sitidiyo tana gyara murya, amma ba ta koya wa mutum karanta fuskar taro. Tsofaffin makaɗan kalangu da na kotso da na gangar noma suna nan da ransu a garuruwanmu, da yawansu ba mai neman su. Wanda ya je ya durƙusa ya ce Baba a koya mini, ya yi musu amshi na damina ɗaya ko biyu, zai fito da abin da takwarorinsa ba su da shi.

Haka batun harshe. Yaranmu suna shiga sitidiyo sai su ajiye Sakkwatancinsu a bakin ƙofa, su ari bakin Kano, su ari karin Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef. Waɗancan sun riga sun cika wurinsu, mai son su zai je gare su kai tsaye. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da harshen gida suka yi waƙa, kuma har Kano da Zariya da Maraɗi da Kumasi ana saurarensu, jami'o'i na nazarinsu.

Sai mallakar waƙa. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, kuma akwai ƙungiyar MCSN da ke karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu. Amma doka ba za ta taimaki wanda bai riƙe komai a hannunsa ba. In ka biya kuɗin sitidiyo, karɓi waƙarka da kiɗanta daban, ka ajiye a wuri biyu. Buɗe tasha da sunanka, kada ka bar wani ya ɗora maka a tasa don ya ce yana da mabiya. In wani ya biya maka kuɗin aiki, ku rubuta a takarda wa ke da me, a gaban shaidu, ko da ɗan'uwanka ne. Kuma kada ka saki gona ko keken ɗinki ko shagonka. Shata kansa manomi ne. Mawaƙin da ke da hatsi a rumbu shi ke iya cewa a'a in an kawo masa aikin zagin wani.

Mu ma mutanen gari muna da namu nauyi. Muna sa waƙar yaro a waya, muna taƙama ɗan garinmu ne, amma ran biki sai mu ce ai na gida ne, ya zo ya yi don zumunci, mu ɗauki kuɗi masu kauri mu ba baƙon da aka ɗauko daga birni. Wasu iyayen kuma har yanzu roƙo suke ɗaukar abin, ko da yaron waƙar tarbiyya yake yi. In mun hana shi halalinsa a gida, ba mu da bakin zarginsa ran da muka gan shi a bayan motar kamfen.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma za a zo neman muryoyinku. Ƙannena, in an zo ku yi ciniki a fili, ku karɓi kuɗinku a hannu, ku yabi wanda ya sa ku ba tare da kun ci mutuncin ɗan garinku ba. Ku kuma iyayenmu mata da masu hidimar biki daga Dogon Daji har Kebbe, in kaka ta yi ku kira yaran nan, ku biya su kamar yadda za ku biya baƙo.